Shatar Mota Zuwa Ƙasar Waje: A Ɗaure Magana Tun Ba a Tashi Ba

A cikin dukan ma'amalolin da ke gudana tsakanin mutane, da wuya a sami wadda mai rauni yake miƙa wuyansa ga mai ƙarfi kamar shatar mota domin tafiyar da za a ƙetare iyakar ƙasa, ba kuwa da niyyar komowa a cikin motar ba; gama wanda ya sayi hatsi ya ga algus yana iya mayarwa, amma wanda ya ɗora tsohuwarsa da matarsa da 'ya'yansa a bayan lori, aka yi kwana biyu ana keta sahara da su, ba shi da sauran zaɓi face abin da direba ya ga dama. Ra'ayina, wanda nake so in kafa masa hujja a wannan maƙala, shi ne bai kamata wani daga cikinmu ya sake ƙulla irin wannan ciniki da fatar baki kawai ba, bai kuma kamata kuɗin duka ya kasance a hannun ɗayan biyun, matafiyi ko direba, tun mota ba ta motsa ba. Sa'an nan mai mota shi ma yana da haƙƙi, wanda wajibi ne a ambace shi a fili, a kuma biya shi ba da ƙunƙuni ba.

Mu mutanen ƙauyukan Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan mun fi kowa cancantar sanin wannan al'amari, domin asalin zamanmu a nan tafiya ce wadda aka yi zuwa ba a yi komowa ba. Bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi cikin wannan shekara, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'ar da ta saura har Allah ya sauke su kusa da Sinnar, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau. Waɗannan da ƙafa da jakuna suka zo. Waɗanda suka biyo bayansu da niyyar aikin Hajji, su ne suka riski zamanin mota, suna hawa daga Kano ko Maiduguri, su bi ta Fot Lami da Abeshe da Jinaina da Fashir, har su kai Ubayyid inda jirgin ƙasa ya riga ya iso tun kafin Yaƙin Duniya na Farko, daga nan kuma sai Bahar Maliya, a jira jirgin ruwa zuwa Jidda. Hanya ce mai tsawo wadda damina take rufewa, ba kuma mota ɗaya ke cinye ta ba, kowane zango da nasa sabon ciniki; shi ya sa a 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Ibrahim Musa Gashash da Alhaji Haruna Kassim, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai, domin maniyyaci ya san wanda zai riƙe idan al'amari ya ɓaci. Waɗanda guzurinsu ya ƙare a tsakiyar hanya kuwa, da yake an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 an buɗe gonakin audugar Jazira, sai suka tsaya cirar auduga don su tara na gaba. Kaka ɗaya ta zama goma, aka yi aure, aka hayayyafa, ga mu nan jikokinsu.

Abin da muka ɗauka tarihi ne sai ga shi ya sake sallama a ƙofarmu. A 2022 rikicin jihar Shuɗin Nilu ya fitar da dubban Hausawa daga Rusairis da Wad al-Mahi da kewayen Damazin. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum. Cikin Disamba na wannan shekara ya ci Wad Madani, wadda ta kasance mafakar waɗanda suka gudo daga babban birni. A ƙarshen Yuni 2024 kuma ya isa Sinja. Jama'a suka watsu, wasu ta Gadarif zuwa Gallabat su shiga Habasha, wasu arewa zuwa Wadi Halfa da Arƙin su shiga Masar, wasu kudu zuwa Rank, kowane gida yana neman lori ko boksi ko bas da zai ɗauki shata, kowa kuma yana ciniki cikin firgici, a lokacin da hankali ba ya jikin mai biya, farashi kuwa yana bakin mai karɓa.

Akwai misali ɗaya da duniya ta shaida, wanda ya isa ya zama izina. A ƙarshen Afrilu 2023 gwamnatin Nijeriya ta ɗauki shatar bas arba'in a kan dala miliyan 1.2, kamar yadda ministan harkokin wajenta na lokacin, Geoffrey Onyeama, ya bayyana, domin a kwashe ɗalibanta daga Hartum zuwa iyakar Masar. Ba a jima ba labari ya bazu cewa direbobin wasu motocin sun tsaya da ɗalibai a cikin sahara suna neman a cika musu kuɗinsu, waɗanda suka isa iyaka kuma suka yi kwanaki a can ana jiran iznin shiga, har sai ranar 3 ga Mayu rukunin farko ya sauka a Abuja. Idan hukuma mai jakada da baitulmali ta gamu da wannan, ina ga manomin da ya sayar da akuyoyinsa ya yi kuɗin mota? Abin lura a cikin wannan ƙissa shi ne hatsarin fuska biyu gare shi: idan an biya duka tun farko, matafiyi ba shi da abin riƙewa, idan kuma an hana ciko ba tare da direba ya san inda kuɗinsa yake ba, shi ma ba shi da abin riƙewa face mutanen da ke bayan motarsa.

Adalci ya wajabta a saurari mai mota. Wanda aka ɗauki shatar motarsa zuwa iyaka, tafiya biyu zai yi a kan kuɗin tafiya ɗaya, domin sau da yawa fanko yake komowa, babu fasinja babu kaya, alhali man da zai sha a komowar da tsada ya saye shi, ga shingaye a kan hanya kowanne da abin da ake ajiyewa, ga yaron mota da haƙƙinsa, ga taya da ke ƙonewa a rairayi, ga kuma babban tsoro, wato 'yan bindiga su ƙwace motar da ita ce dukan jarinsa. Ko a ƙasashen Turai da Amurka, inda mutum yake karɓar mota daga kamfani ya tuƙa da kansa, idan zai ajiye ta a wani gari ba inda ya ɗauka ba, akwai kuɗin mayarwa da ake ɗora masa, wanda yakan ƙaru ainun idan an ƙetare iyaka. Saboda haka tsadar tafiyar zuwa kaɗai ba zalunci ba ce a kan kanta. Zalunci shi ne a ɓoye kuɗin komowa a lokacin ciniki, sai an yi nisa da gida a fito da shi. Ko a ga mutum cikin larura a ninka masa abin da ya wuce kima, wanda kuwa duk mai tsoron Allah ya san wannan ba riba ba ce mai albarka.

Abin mamaki shi ne fuƙaha'unmu sun riga sun warware wannan mas'ala tun zamanin raƙuma, kuma tana nan cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Risalar Ibn Abi Zaid ta raba hayar abin hawa gida biyu. Akwai hayar dabba ayyananniya, wadda idan ta mutu a hanya cinikin ya warware a kan abin da ya saura. Akwai kuma haya ta lamuni, inda mai dabba ya ɗauki nauyin kai mutum wuri kaza, idan wannan ta mutu wajibi ne ya kawo wata. Ta kuma hukunta cewa mai jirgin ruwa ba ya cancantar kuɗinsa sai ya isar, domin wanda aka bari a tsakiyar teku bai amfana da kome ba. Ni kuwa ina ganin iyalin da aka sauke a tsakiyar sahara sun fi kusa da wannan hukunci, ko da yake yanke ƙiyasin na malamai ne. A cikin Mukhtasar na Shaihu Halil kuma, inda aka wajabta gaggauta biya a hayar lamuni wadda ba a fara ba, an togace hayar zuwa Hajji, aka ce abu kaɗan ya wadatar a matsayin kafin alƙalami, masu sharhi suka bayyana dalili, cewa masu jigila sun sha tafiya da dukiyar mutane. Shi ma wanda ya ɗauki hayar an ɗora masa nasa: amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace ba da sakacinsa ba, amma idan ya wuce wurin da aka ambata, ko ya ɗora kayan da suka fi wanda aka yi sharaɗi, ya zama mai ƙetare haddi, lamuni ya hau kansa.

Idan aka sauko da wannan ilmi daga zaure zuwa tasha, abin da zai haifar ba mai wuya ba ne. A ambaci wurin sauka da sunansa, a kuma fayyace ko a wannan gefen iyaka ne ko a wancan, domin mota da yawa ba su da takardar ƙetarewa, kuma tazarar da ke tsakanin ƙofofin biyu ita ce inda mata da yara suka fi shan wuya. A ambaci adadin mutane da na kaya, da wanda zai sayi mai, da wanda zai biya abin da ake karɓa a shingaye, da hukuncin kwanakin jira idan an rufe iyaka. A yi hayar ta lamuni, yadda idan mota ta lalace mai ita ne zai nemo wata. Kuɗin kuwa a raba shi: a ba direba abin da zai sayi mai ya bar wa iyalinsa cefane, sauran a ajiye a hannun amintacce wanda su biyun suka yarda da shi, liman ne ko ɗan kasuwa sananne, wanda zai sake shi da zarar matafiyi ya aiko da labarin isa. A yau da ake tura kuɗi ta waya, irin su Bankak da jama'a suka dogara da shi tun da yaƙi ya rufe bankuna da yawa, wannan ba ya bukatar kowa ya taka ko'ina. Dillalin da ya haɗa cinikin kuma ya sa hannu, domin wanda ya ci la'ada bai kamata ya ɓace ranar da ake neman shaida ba.

'Ya'yanmu da ke aiki a Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa, waɗanda suke karɓar motar haya su tuƙa da kansu zuwa wata ƙasa, su ma wannan nasiha ta shafe su: kada su fita sai da rubutaccen iznin kamfani na ƙetare iyaka, da inshorar da take aiki a ƙasar da za su, da sanin kuɗin mayarwa tun kafin su karɓi makulli, su kuma duba jikin motar a gaban ma'aikaci a rubuta duk wani lahani da ke gare ta.

Na san za a ce mini wanda harsashi yake bi ba shi da lokacin neman alƙalami, kuma gaskiya ne, larura tana da nata hukunci. Amma mafi yawan tafiye-tafiyen nan ba a ƙarƙashin harsashi ake ƙulla su ba. Ana kwana ana shawara, ana sayar da kadara, ana sallama da dangi, kuma tun da sojoji suka karɓe Wad Madani a Janairu 2025 wasu ma shatar komowa gida suke ɗauka daga inda suka yi gudun hijira. Za a kuma ce abin kunya ne mutum ya nemi takarda daga ɗan garinsu wanda suke salla sahu ɗaya. Wannan kunya ba ta da gurbi a shari'a, gama ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, umurni ce ga muminai su rubuta bashin da ke tsakaninsu su kafa shaidu, ba kuwa don ana tuhumar imaninsu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zumuncin da aka tsare da rubutu ya fi daɗewa a kan wanda aka bari ga tunanin mutum biyu da gajiya da tsoro suka gigita.

Don haka ina kira ga sarakunanmu da shehunan ƙauyuka, da limaman Mai Wurno da Sinnar da Wad Madani da Damazin, da shugabannin direbobi a tashoshi, su zauna su tsara takarda guda mai shafi ɗaya, da Larabci da Hausa, wadda ta ƙunshi waɗannan sharuɗɗa, a ajiye ta a masallatai da tashoshi, a kuma naɗa a kowane gari mutum biyu ko uku da aka sani da riƙon amana domin ajiyar ciko. Ba aiki ne da ke jiran gwamnati ba, ba ya kuma jiran ƙarshen yaƙi. Direba na kirki ba zai ƙi ta ba, domin ita ce za ta tabbatar masa da kuɗinsa. Wanda ya ƙi ta kuwa ya riga ya gaya wa matafiyi abin da ya kamata ya sani tun yana ƙofar gidansa. Allah ya kai kowane matafiyi masaukinsa lafiya, ya ba masu mota halaliyarsu, ya kuma zaunar da ƙasar nan.