Fasahar Zamani: Kafin A Kai Lissafi Gaban Jama'a

Jama'a, a wannan makon za mu duba wani aiki da masu tsara manhajar kwamfuta kan ɗauka ƙarami, alhali kuwa a nan ake yawan yin ɓarna, watau gina shafin intanet wanda mutum zai shigar da lambobi, manhajar lissafi ta ba shi amsa.

A ɗauka wani ya rubuta manhajar da ke faɗa wa manomi yawan takin da gonarsa ke bukata. Lissafin ba shi da aibu, amma muddin yana cikin kwamfutar mai shi, ba wanda zai amfana. Dole a yi masa fuska: akwatin rubuta girman gona, jerin zaɓin irin shuka, da maɓallin da za a danna. Waɗannan ƙananan sassa su ne tubalan shafi, kuma gwanayen aikin ba sa ƙera su sabo kowace rana. Tubali ɗaya suke ginawa da kyau, su yi ta amfani da shi a shafi goma ko ɗari. A kan wannan dabara aka kafa React, wanda kamfanin Facebook ya saki a 2013, haka kuma Shiny, wanda ya fito a 2012 domin masu lissafi da harshen R.

To, ina amfanin? Ba saurin aiki kaɗai ba ne. Tubali nagari yakan ƙi karɓar harafi a gurbin lamba, ya ƙi gona mai girman sifiri, sa'an nan ya tambayi manomi ƙarara: eka kake nufi ko hekta? Hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Wanda ya rubuta 5 yana nufin eka, manhaja ta ɗauka hekta ce, za a sa shi sayen taki fiye da ninki biyu na bukatarsa.

Kada mai karatu ya ce wannan kuskuren ƙananan ma'aikata ne. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, domin wata manhaja ta ba da lambobi a ma'aunin Ingilishi, wadda ta karɓa kuwa ma'aunin mita take jira.

Sai dai akwai hattara. Yadda gyara ɗaya a jikin tubali ke isa kowane shafi, haka kuskure ɗaya zai bi su duka. Saboda haka a jarraba shi da lambobin da aka riga aka san amsarsu, a kuma miƙa wa wanda bai taɓa ganinsa ba ya gwada a wayarsa, tun kafin damina ta kama manomi da buhunan da bai bukata.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.