A Yi Maganin Jimla, Ba Kalma Kaɗai Ba

Sau da yawa idan mutum ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, maganarsa ta karye, sai jama'a su ce hankalinsa ya gushe. Wannan kuskure ne babba. Ciwon da ke damunsa shi ne masana ke kira afaziya, wato lalacewar harshe a sakamakon rauni a ƙwaƙwalwa, galibi a ɓangarenta na hagu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki sukan gamu da shi.

Tun a shekarar 1861 wani likita ɗan Faransa, Paul Broca, ya nuna cewa rauni a gaban ƙwaƙwalwa ta hagu yana hana magana. Shekaru da yawa ana zaton irin waɗannan majiyyata suna fahimtar duk abin da aka faɗa musu, furuci ne kawai ya gagare su. Sai a 1976 Caramazza da Zurif suka gano cewa ba haka abin yake ba.

Ga misali da Hausa. Idan aka ce, "Mangwaron da yaro ya sha ja ne," majiyyacin zai gane, domin ya san mangwaro ba ya shan yaro. Amma idan aka ce, "Yarinya ce yaro ya tura," sai ya rikice, don kowanne cikinsu zai iya tura ɗan'uwansa. A nan dabara ba ta aiki, dole sai an bi nahawu. Zagin aikatau, wato "ya", shi ne ke nuna cewa yaro ne aikau, yarinya kuma karɓau, duk da ita ce a farkon jimla. Irin waɗannan ƙananan kalmomi su ne ke kuɓuce masa.

To, nahawun ne ya goge daga kansa? A 1983 Linebarger da Schwartz da Saffran suka tarar cewa majiyyatan da suka gwada suna iya bambance jimla mai kyau da gurɓatacciya. Ke nan ilimin yana nan. Abin da ya yi rauni shi ne haɗa ginin jimla da ma'anarta, wato sanin wa ya yi wa wa.

Saboda haka, a ganina, koya wa majiyyaci sunayen abubuwa kaɗai bai isa magani ba. Wanda ya san "kofi" da "magani" amma bai gane "kafin ka sha magani, ka ci abinci" ba, yana cikin haɗari. Akwai horon da ake yi da hotuna da katuna, a nemi aikatau, sannan a tambayi wa ya yi, kuma wa aka yi wa. Cynthia Thompson ta Jami'ar Northwestern a Amurka ta nuna cewa horo a kan jimloli masu wuya yakan gyara masu sauƙi da ke da ginin da ya yi kama da nasu.

Sai dai gwajin da aka tsara da Turanci ba zai auna Bahaushe daidai ba don an fassara shi kawai, domin kowane harshe da nasa gini. Wannan aiki yana buƙatar masana nahawun Hausa su zauna da likitoci, kuma ɗalibanmu na yau ne za su yi shi. Kafin nan, mai jinyar irin wannan majiyyaci ya riƙa yi masa gajerun jimloli, aikau a gaba, ya kuma ba shi lokaci. Kada a mayar da dattijo yaro don harshensa ya yi rauni.