Damina Ba Ta Jiran Fayil

A shekarar 2015 ne Gwamnatin Tarayya ta kafa, bisa doka, hukumar da za ta kula da rabon Nijeriya a cikin shirin nan na ƙasashen Afirka da ake kira Babbar Ganuwar Itatuwa. Aikin da aka ɗora mata shi ne ta tare hamada a jihohi 11 na can ƙuryar Arewa, watau Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Kano, Jigawa, Bauchi, Gombe, Yobe, Borno da Adamawa. Mafi yawan masu karanta wannan shafi daga waɗannan jihohi suka fito, kuma da dama daga cikinsu ba marmarin ganin teku ya kawo su Ikko ko Fatakwal ba. Gona ce ta gaji, rijiya ta ƙafe, rairayi ya binne makiyaya, mutum ya ɗaure jakarsa ya yo Kudu. Saboda haka zancen yadda wannan hukuma ke ba da kwangila da tallafi zancen gidansu ne.

Ra'ayin wannan shafi shi ne tilas a gaggauta aikin takardun kwangila da na tallafi a wannan hukuma, kuma ma'aunin gaggawar shi ne damina. Ma'aikatar da ke gina hanya ko asibiti in ta makara da wata uku, ta makara da wata uku ke nan. Hukumar da ke dashen itatuwa a bakin hamada in ta makara da wata uku, ta yi asarar shekara guda cur.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san dalili. A wurare irin su Yusufari da Yunusari a Jihar Yobe, ko Gada da Illela a Jihar Sakkwato, ruwa yakan fara sauka ne a watan Yuni, ya zauna sosai a Yuli, ya cika a Agusta, kafin ƙarshen Satumba ya ɗauke. Ɗan itacen da za a dasa, ko darbejiya ne ko turare ko daƙwara, sai an rene shi cikin leda wajen wata uku zuwa huɗu kafin ya isa dashe. Ke nan tun cikin Maris ko Afrilu ya kamata a ce an cika leda da ƙasa da taki, an zuba iri, an sami ruwan bayi da masu bayin. Kafin ruwa ya zauna ya kamata a ce an tona ramuka, an kafa shinge saboda awaki. Dashen da ya shiga ƙasa a Yuli yana da wata biyu ko fiye na kafa saiwa kafin rani. Wanda ya shiga a ƙarshen Satumba kuwa, hunturu da gara da bazara ne ke jiransa, sai fa in za a yi ta yi masa jigilar ruwa da tanka, wanda kuɗinsa kan fi kuɗin dashen kansa.

To, a ajiye wannan lissafi na manomi kusa da lissafin ofis. Dokar ba da kwangilar gwamnati ta 2007 ta hana kowace ma'aikata ƙulla kwangila sai aikin yana cikin kasafin kuɗi kuma an tabbatar akwai kuɗinsa. Kamar yadda aka fara rubuta ta, ta ce a yi shelar tanda a jaridu biyu na ƙasa, a ba masu nema aƙalla mako shida. Bayan an buɗe tanda sai kwamiti ya zauna ya auna, ya duba takardar shaidar biyan haraji, da ta asusun fansho, da ta asusun horar da ma'aikata, da rajistar kamfani. Ƙaramar kwangila takan tsaya a kwamitin tanda na hukumar, wadda ta fi ta ta wuce ma'aikata, babba kuma sai ta sami takardar amincewa daga hukumar sa ido kan kwangiloli kafin ta isa Majalisar Zartaswa ta Tarayya. Kowane mataki da teburinsa, kowane tebur da mai shi, kuma mai tebur yana iya tafiya taro ko hutu ya kulle fayil a durowa.

Ga misali da kowa zai iya lissafawa da yatsu. Kasafin kuɗin 2017 an sa masa hannu ne ran 12 ga Yuni, na 2018 kuma ran 20 ga Yuni. Hukumar da ta jira wannan sa hannu kafin ta yi shela, ta ƙara mako shida, ta kai ƙarshen Yuli ko farkon Agusta ba a ko buɗe tanda ba. Kafin a auna, a amince, a rubuta takardar kwangila, a biya kuɗin kafin alƙalami, manoma sun fara yankan gero. Gaskiya ne an yi gyara, domin kasafin 2020 an sa masa hannu tun Disamba 2019, aka koma tsarin Janairu zuwa Disamba, wannan kuwa abin yabo ne. Amma na 2025 bai sami sa hannu ba sai ƙarshen Fabrairu, kuma sa hannu daban, sakin kuɗi daga Baitulmali daban. Ko kasafin da ya fito ran 1 ga Janairu, in aka tafi da shi da irin tafiyar hawainiyar da aka saba, watan Maris zai wuce ba a cika leda ko ɗaya ba.

Ɓarnar jinkiri ba ta tsaya ga mutuwar dashe ba. Ɗan kwangilar da aka ba aiki a makare yana da zaɓi biyu, kuma duk ba su da kyau: ko ya dasa a busasshiyar ƙasa don a zo a ƙirga a biya shi, ko ya jira baɗi farashin waya da leda da man fetur su tashi su bar shi. Wanda ya gama aiki aka riƙe masa kuɗi kuwa, banki ba ya jiransa. Dokar 2007 ta ce duk biyan da ya wuce kwana 60 bayan an miƙa takardar neman biya an kuma tabbatar da aikin, jinkirtaccen biya ne, kuma ruwa zai hau kansa. Sanin kowa ne ƙaramin ɗan kwangila ba ya iya tsayawa ya nemi wannan haƙƙi, don tsoron kada a manta da sunansa baɗi. Abin da yakan faru shi ne masu gaskiya su janye, masu wayo su ƙara kuɗin jira a cikin farashin tanda, gwamnati ta sayi aiki da tsada. Can ƙasa kuma akwai matan da suka cika leda da samarin da suka tona rami suka yi gadi, waɗanda ladansu ke maƙale a cikin wannan fayil ɗin. Saurayin da ya yi wata uku yana jiran kuɗin gadin shinge, a wata na huɗu yana bayan tirela zuwa Shagamu, shingen kuma ya zama na awaki.

Akwai masu cewa gaggawa aikin Shaiɗan ce, musamman inda kuɗin jama'a yake, kuma maganarsu abar saurare ce. Ba don ado aka kafa waɗannan matakai ba. An kafa su ne bayan shekaru da dama ana raba kwangila a falo, ana biyan kuɗin aikin da ba a yi ba. Aikin itace ma ya fi kowane sauƙin ha'inci, domin gada in ba a gina ba kowa zai gani, amma itacen da ba a dasa ba ana iya cewa fari ne ya kashe shi. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna binciken yadda aka kashe kuɗin wannan hukuma, kuma daidai ne a riƙa irin wannan bincike. Don haka wannan shafi ba ya goyon bayan a fake da cewa lokaci ya ƙure a tsallake tanda a miƙa wa 'yan lele aiki. Hasali ma jinkiri shi ne babban abokin wannan ɗabi'a, domin sai an bari lokaci ya ƙure tukuna ake samun hujjar cewa babu sararin yin shela.

Maganin yana cikin fara aiki da wuri, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Babu abin da ya hana hukumar ta zaɓi filaye, ta daidaita da masu gari da dagatai, ta auna, ta rubuta bayanin aiki, ta tace 'yan kwangilar da suka cancanta tun cikin kaka, yadda ranar da kasafi ya fito sai neman farashi kawai. Kazalika babu hikima a ƙulla kwangilar dashe ta shekara guda. Itace ba ya tsayawa da ƙafarsa sai ya ga rani biyu ko uku. Ya kamata kwangila ta zama ta shekara uku, a yi tanda sau ɗaya, a biya kashi-kashi, kaso mai tsoka kuma a riƙe shi sai an dawo bayan bazara an ƙirga itatuwan da ke raye. Wannan zai rage takardu, ya kuma sa ɗan kwangila ya damu da ran dashensa.

Sai maganar kuɗi. Asusun kare muhalli, wanda aka kafa tun 1981, ana cire masa rabonsa daga asusun Tarayya duk wata, kuma dokar 2015 ta ware wa hukumar kashi 15 cikin 100 daga cikinsa. Kuɗin da doka ta riga ta yanka bai kamata ya zama abin roƙo ba. Ya kamata Ma'aikatar Kuɗi da ofishin Babban Akanta su tsayar da rana, kafin ƙarshen Janairu, da kuɗin renon dashe zai shiga hannun hukumar kowace shekara. A cikin hukumar kuma a yanka wa kowane tebur kwanakinsa, a rubuta ranar da fayil ya shiga da ranar da ya fita da sunan wanda ya riƙe shi. Yau da ake biyan kuɗin gwamnati ta kwamfuta, wannan ba abu ne mai wuya ba, sai dai in ba a so.

Tallafi ga jama'ar ƙauye shi ya fi cancantar sauƙi, shi ne kuma aka fi wahalarwa. Ƙungiyar mata masu renon dashe ko ta manoma masu son kewaye gandun garinsu ba kamfani ba ce, kuma ba daidai ba ne a nemi ta kawo irin takardun da ake nema wurin mai gina madatsar ruwa. Takarda guda, da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci, da shaidar dagaci da malamin daji na ƙaramar hukuma, da asusun banki na ƙungiya, sun isa ga ƙaramin kuɗi. A yanke hukunci a ofishin jiha cikin wata guda, ba sai fayil ya je Abuja ya dawo ba. Wanda ke shakkar abin da talaka zai iya yi da kansa ya leƙa tsallaken iyaka. A yankunan Maraɗi da Damagaram na Jumhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna sassabe musu, har masu bincike suka ƙiyasta an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5. Ba tanda aka yi ba. Mutane ne suka tabbata itacen nasu ne, suka kula da shi.

Lokaci kuwa ba ya gefen kowa. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da shirin ganuwar a 2007, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030, daga Senegal har Jibuti. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna abin da aka cim ma a cikin zirin ganuwar bai wuce hekta miliyan 4 ba. A Janairu 2021 masu ba da agaji suka yi alkawarin dala biliyan 14 da ɗoriya a taron Faris, a ƙarshen shekarar kuma Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 don gyaran ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Rance ne, 'ya'ya da jikoki za su biya. Abin takaici ne a ci bashi don tare hamada, kuɗin ya kwana a asusu saboda ana jiran sa hannu, hamadar kuma tana tafiyarta.

'Yan Arewa mazauna Kudu suna da abin yi a nan. Akwai ƙungiyoyin gari da na jiha a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Lokpanta, akwai sarakunan Hausawa da ake jin maganarsu, akwai kuma dubban 'yan ci-rani da ke komawa gida noma kowace damina, waɗanda ke iya gani da idonsu ko an dasa ko ba a dasa ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa hukuma ya nemi bayani, ta kuma wajabta a amsa masa cikin kwana bakwai. Ƙungiyar gari tana iya tambayar filin da aka ware a ƙaramar hukumarta, da wanda aka ba aikin, da ranar da aka ba shi, da ranar da aka biya. Tana iya aika wa ɗan majalisarta kwafe.

Ita kuma hukumar, abin da ake nema daga gare ta da Ma'aikatar Muhalli shi ne su buga jadawalin aikinsu a jaridu da gidajen rediyo tun farkon shekara: ranar shelar tanda, ranar ba da kwangila, ranar sakin tallafi, jiha-jiha. Kwangilar renon dashe ta kasance a hannun mai ita kafin ƙarshen Fabrairu, ta shinge da tonon rami kafin ƙarshen Mayu. Wadda ta wuce waɗannan ranaku a ɗage ta zuwa baɗi, a kuma faɗa wa jama'a a teburin wa ta kwana.