An busa jiniya, amma ƙasa ba ta motsa ba

A unguwar Waiakea da ke garin Hilo, a tsibirin Hawai, akwai wani agogo bisa turken ƙarfe a bakin titi. Hannayensa sun tsaya cak a kan ƙarfe ɗaya da minti huɗu na dare, kuma a haka aka bar su har yau. A daidai wannan lokacin ne, ranar 23 ga Mayu 1960, igiyar ruwa mai tsayin sama da mita 10 ta afka wa garin, ta kashe mutum 61. Girgizar ƙasar da ta haife ta kuwa a Chile aka yi, nisan kilomita kusan 10,000, awa 15 kafin nan.

Awa 15 ta isa mutum ya ɗaure kayansa, ya kwashe iyali, ya hau tudu, har ya yi barci ya farka. Kuma ba ɓoye musu aka yi ba, tun ƙarfe takwas da rabi na dare aka busa jiniya. To me ya hana su tashi?

Binciken da aka yi a kan waɗanda suka tsira ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka bar gidajensu da jin jiniyar. Wasu sun zauna jiran busa ta biyu, domin ba a daɗe da sauya ma'anar jiniyar ba. Wasu sun tuna an yi irin wannan gargaɗi a 1952 da 1957, ruwan ya zo bai ci ran kowa a garin ba. Wasu sun hau tudu, amma da tsakar dare ya wuce, igiyar farko ta zo ba ta taka kara ta karya ba, sai suka ce ai shi ke nan, suka gangaro. Ta uku ce ta same su. Ta kwantar da turakun ƙarfe na bakin titi kamar ciyawa, ta kashe tashar lantarki, garin ya afka cikin duhu.

Ba zan kira mutanen nan wawaye ba. Wanda ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafarsa, kwanuka suka zube, bango ya tsage, ba ya bukatar mai shela. Jikinsa ya riga ya gaya masa. Na nesa kuwa ba shi da komai sai magana. Teku lafiya lau a gabansa, sama garau, yara na barci, sai murya a rediyo ta ce ya bar gidansa da shagonsa saboda abin da ya faru a ƙasar da bai taɓa zuwa ba. Mu da muke cewa gani ya kori ji, bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Mutanen gaɓar Binuwai sun san irin wannan zama: an ce an buɗe madatsar Lagdo a Kamaru, ruwa na tafe, ga gona ta kusa nuna, ga rana tana haskawa, sai mutum ya ce bari dai mu ga gobe.

Matsalar ita ce irin wannan igiya, wato tsunami, ba ta ba da damar a gan ta tukuna. A tsakiyar teku tana gudun jirgin sama, wajen kilomita 800 a awa, amma jirgin ruwan da ta bi ta ƙarƙashinsa ba lallai ya ji ta ba. Sai ta iso ruwa marar zurfi take rage gudu ta tattara ƙarfinta ta miƙe. Kuma ba igiya ɗaya ba ce, jere suke zuwa, a shafe awoyi. Shekara huɗu bayan Hilo, a 1964, girgizar Alaska ta aika igiyoyi zuwa Crescent City a Kalifoniya. Bayan na farkon sun wuce, mutane suka koma duba shagunansu da share laka. Manyan igiyoyin da suka biyo baya suka kashe mutum 11.

A nahiyarmu ma an gani. Ranar 26 ga Disamba 2004, igiyar da ta taso daga Sumatra ta yi awa bakwai a hanya kafin ta iso gaɓar Somaliya. Duniya ta riga ta san abin da ya faru a Indonesiya da Sri Lanka, amma ba wanda ya isar da labarin ga masuntan Hafun. Mutum kusan 300 suka mutu a ƙasar. A Kenya maƙwabciya, inda labari ya iso aka kori jama'a daga bakin teku, mutum ɗaya aka rasa. In kunne ya ji, jiki ya tsira, amma fa sai an sami mai faɗa, kuma mai ji ya yarda da shi.

Wannan yardar ce nake jin tsoron ana zubarwa. A ƙarshen Yulin 2025, girgiza mai maki 8.8 ta auku a gaɓar Kamchatka ta Rasha. Japan ta umarci mutum kusan miliyan biyu su tashi, titunan Honolulu na Hawai suka cushe da motoci, Chile ma ta kwashe mutanen gaɓarta. Igiyar da ta isa Hawai ba ta kai mita biyu ba. Washegari shafukan sada zumunta suka cika da ƙorafi, wai an tayar wa mutane da hankali a banza.

Ba banza ba ne. Masana na iya sanin ƙarfin girgiza cikin 'yan mintuna, kuma akwai na'urori a ƙasan teku da ke auna nauyin ruwan da ke wucewa. Amma tsayin da igiya za ta yi a wani gari ya dogara da yadda ƙasan tekun ya tsage da kuma siffar gaɓar. Ta Hilo kamar mazurari take, tana tara ruwa wuri guda. Jami'in da zai jira tabbaci kafin ya busa jiniya, gawa zai ƙirga. Abin da ya rataya a wuyan hukuma shi ne ta faɗi magana ɗaya a fili: wace unguwa za ta tashi, wacce za ta zauna don kada hanya ta toshe, da kuma cewa kada kowa ya sauko sai an ce ya sauko. Bayan an koma gida kuma ta yi bayanin dalilin da ya sa ruwan bai kai yadda aka ji tsoro ba, domin shirun bayan gargaɗi ne ke haifar da raini.

A tsibirin Simeulue na Indonesiya, tsunami ta yi ɓarna a 1907. Kakanni suka riƙa ba jikoki labarin, suka sa wa abin suna smong: in ƙasa ta girgiza, teku ya ja da baya, a gudu tudu. A 2004 tsibirin na kusa da tushen girgizar, mazaunansa sun haura 70,000, mutum bakwai suka mutu. Mutanen Hilo kuwa, bayan 1960, ba su sake gina gidaje a yawancin wurin da ruwan ya share ba. Sun mayar da shi filin ciyawa da wurin shan iska, agogon na tsaye a gefensa.