Kafin a Ƙirƙiro Manhaja, a Fara Zama a Kasuwar Sara

Matasa da yawa a Jigawa sun koyi rubuta manhajar waya, kuma abin farin ciki ne. Sai dai galibinsu suna farawa ne da tambayar me za su ƙera, alhali tambayar farko ita ce wa zai yi amfani da abin, da wace irin waya, kuma wace matsala ce ta dame shi. Masu tafiyar da ayyukan fasaha suna kiran wannan mataki tattara buƙatu. Duk aikin da ya tsallake shi, asarar kuɗi da lokaci yake jawowa.

Ga misalin eNaira. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da ita ranar 25 ga Oktoba, 2021, kuma da farko sai mai babbar waya da asusun banki ne zai iya buɗe ta. Wanda ya riga ya mallaki waɗannan biyun yana da manhajar bankinsa, don haka bai ga abin da ta ƙara masa ba. Manomin da aka ce ana son jawowa kuwa, ƙaramar waya ce a aljihunsa. Sai a 2022 aka fito da lambar *997# don irinsa. Wani bincike da Asusun Lamuni na Duniya ya wallafa a 2023 ya nuna mafi yawan asusun eNaira da aka buɗe ba a taɓa su. Da ƙarancin takardun Naira ya tsananta a farkon 2023, wurin masu POS da OPay da Moniepoint jama'a suka nufa.

Kamfanin Transsion, mai Tecno da Itel da Infinix, ya bi wata hanyar. Ya lura mutane na yawo da layuka biyu saboda sabis ba ya tsayawa, wutar lantarki ba tabbas, kuma kyamarori ba sa fito da baƙar fata da kyau. Sai ya yi waya mai sim biyu, mai batirin da ke jurewa, mai kyamarar da aka daidaita. Shi ya sa wayoyinsa suka cika shagunan Birnin Kudu.

Saboda haka matashin da ke son yi wa dillalan hatsi ko na dabbobi manhaja, ya fara da wuni a kasuwar Sara da ke Gwaram, ko a layin karɓar kati na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Ya duba wayar da ke hannun mutane. Ya gane ko suna karanta boko, ko ajami, ko saƙon murya na WhatsApp suka fi sakewa da shi. Ya ga yadda ake rubuta bashi, da wanda ke riƙe littafin. Ya gwada sabis a ƙauyukan da ke nesa da kwalta. Ya tuna akwai masu Fulatanci, akwai kuma matan da ke sana'a a cikin gida, waɗanda sai mace 'yar'uwarsu ce za ta ji ta bakinsu. Kada ya tambayi mutum ko yana son manhaja, don kunya za ta sa ya ce e. Ya ce ya nuna masa yadda ya yi cinikin jiya.

Wasu za su ce wannan ɓata lokaci ne, gara a saki manhaja a riƙa gyarawa a hankali. Akwai gaskiya a ciki, amma gyara sai in mutane sun tsaya suna amfani da abin. Ɗan kasuwar da kuɗinsa ya maƙale sau ɗaya a ranar kasuwa ba zai sake buɗewa ba, kuma zai gaya wa na kusa da shi.

Mako biyu na tambaya da littafin rubutu ya fi wata shida na gyaran manhajar da ba mai nema araha. Wataƙila ma binciken ya nuna lambar dannawa ko saƙon murya da Hausa ake buƙata, kuma gano hakan tun kafin a kashe sisi riba ce.