Na'urar da Ba Za Ta Kai Dapango Ba

Da wuya a ce wani injiniya a Kyoto ko Tokyo ya taɓa zama yana zana na'urar gem ta hannu da yaron Didaure ta Sokode a ransa, balle na zangon Dapango. Duk da haka na'urorinsu sun iso mu. Sun biyo hanyar da kayan gwanjo ke bi: wani yaro a Faransa ko Jamus ya yi wasa da abarsa har ya gaji, aka jefa ta a kwali, kwali ya shiga kwantena, kwantena ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome, sannan mota ta haura da ita arewa, kilomita sama da 300 zuwa Sokode, sama da 600 zuwa Dapango. Mu ne hannu na uku, wani lokaci na huɗu. Maganata a nan guda ɗaya ce. Abubuwan da kamfanonin nan ke ta cirewa daga na'urorinsu da sunan ci gaba su ne suke sa na'ura ta jure wannan doguwar tafiya ta iso da ranta. Waɗanda ake ƙerawa yau, da yawansu gawa za a kawo mana.

Na san amsar da ke jirana: kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To, ba kewar bara nake yi ba. Game Boy na farko ba shi da launi, ba shi da fitila a sikirin, da magariba ta yi sai ka nemi gindin fitilar wani. Babu mai hankalin da zai ce hoton wancan zamani ya fi na yau kyau. Abin da nake ƙara a kansa shi ne abin da aka karɓe mana a madadin wannan kyau, ba tare da an yi ciniki da mu ba.

Mu fara da batir. Game Boy da Nintendo ya fitar a 1989 batir huɗu yake ci, ƙananan nan na AA da ake sa wa rediyo da tocila, kuma yakan yi awa 15 ko fiye kafin su mutu. Mutumin da ya jagoranci ƙera shi, Gunpei Yokoi, yana da aƙida: a ɗauki fasahar da ta riga ta kwana biyu, ta yi araha, kowa ya san halinta, a nemo mata sabon amfani. Da tsohuwar zuma ake magani ke nan. Sega ya bi wata hanyar, ya fito da Game Gear a 1990, mai launi mai haske, wanda ke cinye batir shida cikin awa uku zuwa biyar. Kasuwa ta raba gardama: Game Boy da ƙanensa Game Boy Color an sayar da sama da miliyan 118, Game Gear bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Abin da ya shafe mu kuwa, batir ɗin AA yana kan teburin kowane mai tireda daga Sinkase har bakin teku. Na'urar da ta shekara 30 a akwati, ka ɓalle murfin bayanta da farce, ka zuba sabon batir, sai ta tashi.

A hankali aka rufe wannan ƙofa. A 2003 Game Boy Advance SP ya zo da batir mai caji, amma sukuru ɗaya ke riƙe da murfinsa. PSP na Sony, wanda ya fito a 2004, da hannu ake zare nasa. Da aka zo kan PlayStation Vita a 2011 sai aka binne batir a ciki, Switch na 2017 kuwa har gam aka sa aka manne shi. Batir mai caji yana tsufa ko ana amfani da shi ko ba a yi, zafi kuma yana ƙara masa saurin tsufa, ga shi a watan Maris da Afrilu zafin Dapango na taɓa digiri 40. Kafin na'urar ta iso hannu na uku, batir ya gaji ko ya kumbura, kuma mai gyara sai ya farke ta kamar mai fiɗa kafin ya kai gare shi, in ma ya sami irinsa. Ko sabuwa ce dal, Nintendo da kansa ya ce Switch 2 awa biyu zuwa shida da rabi take yi. Wanda ya ga jadawalin yanke wuta da kamfanin CEET ya riƙa fitarwa a 2024, ko yake ƙauyen da sai an kai waya rumfar mai sola an biya kuɗin caji, ya san darajar awa biyu.

Sai kaset. A da, kaset shi ne gem ɗin gaba ɗayansa. Dukiya ce kamar keke ko akuya: ana ba da aronsa, ana musaya da shi, ana jinginar da shi, in sallah ta matso a sayar a yi ɗinki. Muna yara kaset ɗaya yakan zagaye unguwa, har takardar jikinsa ta goge ba a san sunan gem ɗin ba sai an kunna. Sony ya fara gwada kashe wannan a 2009 da PSP Go, wanda ba shi da wurin sa faifai kwata-kwata, sai dai a sauko da gem daga intanet. Masu saye suka juya masa baya. Amma dabarar ba ta mutu ba, ta canza riga ne kawai. Switch 2, da ya fito ranar 5 ga Yuni 2025, ya zo da wani abu da ake kira Game-Key Card. Kwali ne, a ciki akwai kaset, kana riƙe shi a hannu, amma babu gem a cikinsa. Makulli ne kawai. In ka sa shi, sai na'urar ta nemi intanet ta sauko da gem ɗin daga rumbun kamfani, wani yakan kai gigabait 50. Mai karatu ya lissafa kuɗin data na gigabait 50 a layin Yas ko Moov, ya kuma lissafa kwana nawa zai yi yana jira.

Gaskiya ne ana iya ba da aron wannan makulli, ana iya sayar da shi. To, makulli yana da amfani ne muddin ɗakin yana tsaye. Nintendo 3DS ya fito a 2011, ranar 27 ga Maris 2023 kamfanin ya rufe shagonsa na intanet, ya daina sayar da gem ɗinsa. Shekara 12 ke nan, kusan daidai lokacin da na'ura ke ɗauka kafin ta yi arahar da za ta cika kwalayen gwanjo. Ranar da Switch 2 zai zama abin da ɗan kasuwar Sokode zai iya saya wa ɗansa, wa ya ba mu tabbacin rumbun da makullin ke buɗewa yana nan? Wannan sayen kifi ne a ruwa. Kuma kada a ce dole ce ta sa. Kamfanin CD Projekt ya zuba Cyberpunk 2077 gaba ɗaya a kaset mai gigabait 64 na wannan na'ura. Abin yana yiwuwa, kuɗin kaset ɗin ne ba a son kashewa, sai aka ɗora wa mai saye a matsayin kuɗin data.

Akwai kuma mutuncin tsoho. Game Boy Advance na 2001 yana karɓar kaset ɗin 1989, ƙane ya gaji kayan yayansa. DS na 2004 ya bar rami na musamman don kaset ɗin Advance, DSi na 2008 ya toshe shi. Yau in kana son tsofaffin gem ɗin Game Boy a Switch, haya za ka yi. Tun Fabrairun 2023 suna cikin tsarin biyan kuɗi na wata ko na shekara, kuma dole na'urar ta leƙa intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana bakwai a tabbatar ka biya. Shagon ba ya karɓar Flooz, ba ya karɓar T-Money da yanzu ake kira Mixx. Wani bincike da cibiyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na gem ɗin da aka sayar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa yanzu. Idan haka take a Amurka, ina ga mu?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne raba daɗi. Mu a dandali muke wasa, ko dara ko ludo ko langa, mutum ɗaya da abin wasa na mutum goma ne. Tsofaffin na'urorin sun dace da wannan hali ba tare da sun sani ba. Game Boy biyu ana haɗa su da igiya. Mario Kart DS na 2005, kaset ɗaya yana ɗaukar yara takwas, mai kaset ya tura wa sauran ta iska, babu data babu rajista. Switch na 2017 ya fito babu wannan tsari a jikinsa. A 2025 aka dawo da mai kama da shi da sunan GameShare, a wasu zaɓaɓɓun gem kawai, ana tallarsa kamar sabon abu. Dawo da shi ɗin ma hujja ce: abin da aka iya a 2005 kuma aka iya a 2025, cire shi a tsakani ganin dama ne.

Wani zai ce intanet ta zo, matsalar ta kusa ƙarewa. Haka ne, igiyar Equiano ta Google ta sauka a Lome a watan Maris 2022, kuma Togo ce ƙasar Afirka ta farko da ta sauka. Amma mutumin Sokode ba ya buƙatar a koya masa cewa intanet famfo ce da makunninta ke hannun wani. Bayan zanga-zangar da ta tashi a watan Agusta 2017, wadda Sokode na cikin cibiyoyinta, an katse intanet a ƙasar a watan Satumba na kwanaki, har kotun ECOWAS ta yanke hukunci a Yunin 2020 cewa katsewar ta saɓa wa doka. A waɗannan kwanaki ɗan gem ɗin bulo na China, mai batir biyu da alƙawarin wasa 9999, bai san an yi wani abu ba. Na'ura irin PlayStation Portal ta 2023, wadda ba ta motsi sai da intanet, da ta zama faranti.

Wani kuma zai ce duk wannan surutu a kan wasan yara? Kuɗin ba na yara ba ne. Switch 2 dala 450 aka sa masa a Amurka, sama da sefa 250,000, alhali mafi ƙarancin albashi a Togo tun Janairun 2023 sefa 52,500 ne. Kusan gumin wata biyar ke nan, kafin a sayi gem ko ɗaya. Bayan haka, abin da aka yi wa gem shi ake yi wa waya. Nokia 3310 da yatsa ake cire batirinta. A 2016 Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7, saura suka bi, manyan wayoyi da yawa suka toshe ramin memori. Me ya sa Tecno da itel suka mamaye kasuwannin Afirka? Saboda sun riƙe abin da wasu suka yar: batir mai daɗewa, layi biyu, rediyo, ramin memori. Haka ƙananan kamfanonin China irin su Anbernic da Miyoo ke cin kasuwa da na'urorin gem masu memori da ramin iyafis, waɗanda ba ruwansu da intanet. Manyan kamfanoni na kukan cewa gem ɗin da ake zubawa a cikinsu na sata ne. Kukan yana da tushe, amma wanda ya rufe shagonsa ya tafi da makulli bai kamata ya yi mamaki ba in ya ga an kafa rumfa a ƙofarsa.

Kamfanonin nan suna jin magana in mai maganar yana da sanda. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 cewa daga 18 ga Fabrairu 2027 na'urorin hannu su zo da batir da mai su zai iya canzawa da kansa. Za mu ci albarkacin wannan doka bayan shekara goma, in gwanjonta ya iso. Ina dalilin da ƙasashen UEMOA da ECOWAS, waɗanda tashoshinsu ke karɓar wannan kaya kuma bololinsu ke haɗiye gawarsa, ba za su sa irin wannan sharaɗi ba? Ko ba komai a ce na'urar da batirinta ba ya canzuwa ta biya harajin kwastan fiye da wadda nata ke canzuwa.

Kafin gwamnatoci su farka, sandar tana hannun 'yan kasuwarmu masu zuwa Lome da Dubai da Guangzhou, da iyayen da ke aiko wa 'ya'yansu tsaraba daga Turai. Kakanninmu fatake da suka bi ta Didaure tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja ba sa biyan kuɗin huhun goro sai sun kwance sun duba cikinsa. Alhaji, kafin ka biya, ka tambayi mai kaya: batir ɗin yana fita, kuma ana samun irinsa? Gem ɗin yana cikin kaset ɗin, ko makulli ne? In babu intanet wata guda, za ta kunnu? Yaro biyu za su iya wasa da kaset ɗaya? In ya fara kame-kame, ajiye masa kayansa. Na'urar da ta kasa amsa waɗannan tambayoyi aro ce aka ba ka da kuɗinka, kuma mai ita zai karɓe abarsa ranar da ya ga dama.