Matar da Ta Ƙi Buɗe Ƙofa

Yawancin malaman kimiyya a ƙasar nan kan ɗauki finafinan da ake ƙagawa game da sararin samaniya a matsayin tatsuniyar Turawa, wadda ba ta ƙara wa ɗalibi kome sai ɓata lokaci. A ganina wannan hukunci ya yi tsauri, domin akwai aƙalla fim guda da ya cancanci kowane ɗalibin ilmin halittu ya kalle shi da idon basira, wato Alien, wanda Ridley Scott ya shirya a 1979, kuma ya fito da sunan Sigourney Weaver a duniya.

An haifi wannan baiwar Allah a birnin New York na Amurka a 1949. Ta karanta adabin Ingilishi a Jami'ar Stanford, sa'an nan ta koyi wasan kwaikwayo a Jami'ar Yale. Matsayin Ripley, jami'a a wani kumbon dakon kaya mai suna Nostromo, shi ne ya ɗaukaka ta. Ta sake fitowa a wannan matsayi a 1986 da 1992 da 1997, har na 1986 ya shigar da ita jerin masu takarar lambar Oscar, abin da ba kasafai irin waɗannan finafinai kan samu ba. A 1988 ta fito a matsayin Dian Fossey, mai binciken gwaggon biri a Ruwanda, a 2009 kuma a matsayin masaniyar tsirrai cikin Avatar.

Masu kallo sun fi tuna Ripley riƙe da bindiga mai aman wuta, amma jarumtakarta ta gaskiya tana farkon labarin ne. Mutum uku daga cikin ma'aikatan kumbon bakwai sun fita bincike, suka dawo da ɗayansu wata halitta ta manne masa a fuska. Shugaban kumbon ya umurci Ripley ta buɗe masu ƙofa, ita kuwa ta ƙi, domin doka ta ce sai an killace su sa'o'i 24. Jami'in kimiyyar kumbon ne ya saɓa mata ya buɗe, daga baya aka gano mutum-mutumi ne da kamfani ya turo ya kawo halittar ko da za a rasa rayukan kowa. A cikin su bakwai ita kaɗai ta tsira.

To, me ya sa ta yi daidai? Amsar tana cikin ilmin halittu. Duk yaron da ya tashi a Fakuwa ya san zanzaro, wanda kan gina ɗakin laka a bango, ya harbi tsutsa ya sandarar da ita ba tare da ya kashe ta ba, ya ajiye ƙwai tare da ita domin ɗansa ya sami ɗanyen abinci. Wasu danginsa ma a cikin jikin tsutsar suke zuba ƙwan, ta ci gaba da kiwo kamar lafiyarta ƙalau, alhali ana cin ta daga ciki. Haka nan dattawanmu ba su manta da kurkunu ba, wanda kan shafe kusan shekara a jikin mutum kafin ya ɓullo a ƙafa. Mutumin nan na cikin fim ma ya farka har ya zauna cin abinci da abokansa kafin abin ya fasa ƙirjinsa. Wannan tazara tsakanin kamuwa da bayyanar alama ita ce hikimar killacewa, domin ido ba mudu ba ne a nan.

Ba shakka akwai ƙarya a fim ɗin. Babu dabbar da za ta kai girman mutum cikin 'yan sa'o'i ba tare da abinci mai yawa ba, babu kuma jinin da ke narka ƙarfe. Amma tsamo irin wannan ƙarya shi kansa darasi ne ga ɗalibi.

Wanda ke ganin labarin ƙofar nan almara ce, to ya tuna da Dokta Ameyo Stella Adadevoh. A watan Yuli na 2014 Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola, wadda kan ɓuya a jiki har kwana 21. An matsa wa likitar lamba ta sallame shi ya tafi taro Kalaba, ta ce atafau. Cutar ta kama ta, ta rasu ranar 19 ga Agusta, amma annobar ta tsaya a kan mutum 20, takwas suka mutu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar an kawar da ita daga Nijeriya.

Saboda haka ina kira ga malaman kimiyya a makarantun Kankiya da Kusada da sauran wurare su zaɓi wannan ɓangare na ƙofa su nuna wa manyan ɗalibai, musamman 'yan mata, tunda sauran fim ɗin bai dace da ƙananan yara ba. A tambaye su: in kai ne ko ke ce a bakin ƙofar, ɗan'uwa yana roƙo, shugaba yana tsawa, me za a yi? Daga cikinsu ne za a sami likitoci da malaman asibiti na gobe. Allah Ya ba su ilmi da ƙarfin zuciyar tsayawa a kansa.